Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Masu Riƙe Da Amanar Kwamfutocin Ma'aikatu Da Makarantun Jihar Zamfara

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma kwamishinoni, manyan sakatarori, shugabannin makarantun gaba da sakandare da shugabannin ƙananan hukumominmu 14, Allah ya ja zamaninku, ya dafa muku kan nauyin da kuka ɗauka. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna cikin ƙoshin lafiya.

Ni mai gyaran kwamfuta ne a nan Gusau, kuma da yawun ire-irena nake magana: masu gyara, masu shagunan buga takardu, masu kafe, sai kuma akawuna da masu buga wasiƙu na ofisoshinku, waɗanda kan gaya mana abin da ba su da bakin gaya muku idan sun ɗauko mana na'ura a bayan babur.

Muna ganin yadda aikin gwamnati ke komawa kan kwamfuta, daga tantance ma'aikata zuwa rajistar ɗalibai da neman tallafin karatu. Ba mu da ja a kan haka, abincinmu ma a nan yake. Kukanmu yana kan abin da ke biyo bayan an yanke ƙyalle an ɗauki hotuna. Ana kafa na'ura, a zuba mata manhajoji, daga ranar nan ba wanda aka ɗora wa alhakin sake waiwayarsu, har sai ta ƙi tashi.

Da yawa daga cikin waɗannan manhajoji buɗaɗɗu ne, wato masu su sun bar rubutun cikinsu a fili, kowa ya duba, kowa ya ɗauka kyauta. VLC da ake kallon bidiyo, 7-Zip da ake warware fayil ɗin da aka dunƙule, LibreOffice, Firefox, da tushen Android da ke wayar kusan kowa. Akwai kuma ƙanana da ba a gani, waɗanda ke cikin manyan, su ne ke buɗe hoto ko PDF ko salon haruffa. Manhajoji ne nagari, da su muke aiki kullum. Amma 'yan Adam ne suka rubuta su, ana samun kafa a cikinsu, a toshe, a fitar da sabuwa. Wanda bai karɓi sabuwar ba, tasa kafar tana nan a buɗe, kuma yanzu duniya duka ta san inda take.

Ku ba ni dama in bayyana yadda abin ke faruwa, domin na lura ko masu ilimi a cikinmu suna ɗauka sai mutum ya saka wata baƙuwar manhaja da hannunsa kafin a cuce shi. Kowane fayil yana ɗauke da bayanin kansa a farkonsa: girmana kaza, faɗina kaza. Manhajar da za ta buɗe shi takan karanta wannan, ta ware masa wuri a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Idan mai rubuta ta ya sha'afa bai sa ta tabbatar ba, sai mugu ya ƙera fayil da zai ce shi tiya ɗaya ne, a kawo kwanon tiya, shi kuwa ya juye buhu. Abin da ya malala yana sauka ne a kan umarnin da kwamfutar ke shirin bi, kuma mugun ya riga ya tsara abin da zai sauka a wurin. Daga nan shi take yi wa aiki, da duk ikon wanda ke zaune gabanta. Hoton yana iya buɗewa lafiya lau. Ko manhajar ta rufe kanta sau ɗaya, akawu ya ce maƙalewa ta yi, ya sake buɗewa ya ci gaba da aikinsa.

Kokenmu na farko shi ne sabuntawa ba ta da uba a ofisoshinmu. Ku ɗauki 7-Zip, wadda Igor Pavlov ya fara fitarwa a 1999. Ba ta sabunta kanta, sai mutum ya je ya ɗauko sabuwa ya saka. A 2024 masu kutse suka yi amfani da wata kafa a cikinta suka kai wa hukumomi da kamfanonin Yukren hari. Windows kan yi wa duk fayil ɗin da ya zo ta intanet wata alama domin ta gargaɗi mai buɗe shi. Su kuma suka dunƙule fayil cikin wani dunƙulallen, alamar ta ɓace a hanya, gargaɗin bai fito ba. Kamfanin Trend Micro ne ya bankaɗo abin, aka toshe shi a fitowar 24.09 cikin Nuwamban 2024. Ni kuwa har gobe ana kawo mini kwamfutocin ofis masu ɗauke da 7-Zip 9.20, wadda ta fito a 2010. Yaron da aka haifa a shekarar ya kusa gama sakandare.

VLC ita tana ma roƙo. Takan fito da ɗan saƙo cewa akwai sabuwa, a danna a'a. Na tambayi wani akawu dalili, ya ce: "Malam, ai an ce kada mu taɓa komai. In na danna ta lalace, ni za a cire wa a albashi." Ban ga laifinsa ba ko kaɗan. A watan Mayun 2017 kamfanin Check Point ya nuna cewa ɗan ƙaramin fayil ɗin fassarar da ke fitowa a ƙasan fim ya isa a ƙwace kwamfuta ta cikin VLC, Kodi da wasu biyu, ya kuma ƙiyasta masu amfani da su kusan miliyan 200. An toshe kafar a lokacin. Amma mu da muka san abin da ake kallo a kwamfutar ofis bayan Azahar, mun san wannan labari bai yi nesa da mu ba.

Na biyu, kuma shi ne ya fi ci mini tuwo a ƙwarya: shawarar da ake ba ma'aikata ba ta dace da aikinsu ba. Duk taron bita da aka yi, maganar ɗaya ce, kada ku buɗe fayil ɗin wanda ba ku sani ba. To jami'in da ke karɓar takardun masu neman aiki fa? Mai duba hotunan fasfo na ɗalibai? Sakatariyar da 'yan kwangila ke turo wa takardun neman biya ta WhatsApp? Albashinsu gaba ɗaya na buɗe fayilolin baƙi ne. Idan aka ce su daina, an rufe ofis ke nan. Kariyarsu ɗaya ita ce manhajar da ke buɗewar ta zama an toshe ta, wannan kuwa ya fi ƙarfinsu, yana hannunku.

Abin da ya faru a Satumban 2023 ya isa misali. Google na da wata ƙaramar manhaja buɗaɗɗiya, libwebp, wadda ke buɗe wani nau'in hoto da ya cika intanet. Kamfanin Apple da cibiyar Citizen Lab ta Jami'ar Toronto a Kanada suka kai rahoton kafa a cikinta, Google ya fitar da gyara, ya kuma tabbatar cewa an riga ana amfani da kafar wajen kai hari. Kwanaki kaɗan kafin nan Citizen Lab ta gano an saka manhajar leƙen asiri ta Pegasus a wata wayar iPhone ta hanyar hotunan da aka turo, mai wayar bai taɓa komai ba, kuma masu bincike da dama na ganin kafar ɗaya ce. Abin tashin hankalin shi ne inda wannan 'yar manhaja take zaune: Chrome, Firefox, Edge, Thunderbird, Signal ta kwamfuta, LibreOffice, da wasu da yawa, kowace da nata kwafin. Dole kowace ta fitar da nata gyaran daban. LibreOffice har gaggauta fitar da sababbi biyu ta yi kafin lokacinsu. Kwamfutar da aka kafa a 2022 ba a sake taɓa ta ba tana iya ɗauke da kafar nan a wuri uku ko huɗu.

Akwai kuma shafukan da kuke sa jama'a su ɗora hoto da takardar shaida. A can babu ma akawun da zai danna, na'urar da kanta take buɗe duk abin da aka ɗora, ta rage girmansa, ta karanta bayanansa. A Mayun 2016 aka gano cewa ImageMagick, wadda shafuka barjat ke amfani da ita wajen wannan aiki, ana iya ba ta fayil da sunan hoto ta zartar da umarnin da aka ɓoye a ciki. A 2021 aka sami irin haka a ExifTool, mai karanta bayanan hoto, ya shafi GitLab, manhajar da masu rubuta manhajoji ke ajiye aikinsu a ciki. An fitar da gyaran a Afrilu, amma har Nuwamba ana samun dubban na'urori a duniya da ba a gyara ba, masu kutse na shiga yadda suka ga dama. Ina so mai girma babban sakatare ya kira wanda ya gina wa ma'aikatarsa shafi ya tambaye shi abu ɗaya: wace manhaja ce ke buɗe hotunan da talakawa ke ɗorawa, kuma yaushe rabon da a sabunta ta?

Na san wani zai ce wa zai ɓata lokacinsa a kan ofishin ƙaramar hukuma a Bukkuyum ko Maradun. Ga Pegasus, maganarsa gaskiya ce, kaya ne mai tsada da ake ajiye wa manya. Amma da zarar an wallafa kafa tare da gyaranta, dabarar takan bazu ta koma kyauta, ƙananan ɓarayi su sa na'ura tana lalube dare da rana. Na'urar ba ta tambayar sunan gari.

Na uku, yadda ake rubuta kwangila. Ana biyan ɗan kwangila ya kawo, ya kafa, ya miƙa, ya karɓi cikon kuɗinsa. An taɓa kira na wata makaranta inda na tarar da ɗakin kwamfuta tsaf, an lulluɓe kowace da leda, amma ba mai kalmar sirrin da ke ba da ikon saka ko cire manhaja. Tana wurin ɗan kwangila, lambarsa kuma ta daina shiga. A wasu wuraren akasin haka ne, kowa da cikakken iko yake shiga, har masinja. Ga Windows 7 da Microsoft ya daina kula da ita tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ma ya tsaya mata a fitowa ta 109 a farkon 2023, amma tana nan daram a tebura. Windows 10 ita ma wa'adinta ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Antibayiros ɗin da ake tinƙaho da shi kuwa, sau da yawa na gwaji ne da ya ƙare tun watan farko. Sannan kuɗin data. Akwai kasafin man janareto, akwai na takarda da tawada, amma idan kwamfuta za ta sha gyara, daga wayar ma'aikaci ake jona mata, da datar da ya saya da kuɗinsa. Wa zai yarda ta shanye masa?

Na huɗu namu ne na Zamfara. A farkon Satumban 2021 aka rufe layukan sadarwa a jihar nan baki ɗaya saboda matsalar tsaro. Gusau ta yi kusan wata guda, wasu ƙananan hukumomin suka daɗe fiye da haka, kuma har yau akwai garuruwan da sai an hau tudu ake samun sabis. Duk lokacin da babu intanet, gyara ba ya zuwa, amma fayil bai daina yawo ba. Yana tafiya a filashi, a memori, a Xender, daga shagon buga takardu zuwa ofis, daga teburin masu tura fina-finai a bakin tasha zuwa wayar ma'aikaci, daga can zuwa kwamfutar da aka jona ta don caji. Alamar gargaɗin Windows da na ambata ma ba ta bin fayil cikin yawancin filashi, a bakin ƙofa take tsayawa. Wanda ya ɗauka kwamfutar da ba ta kan intanet ta tsira, bai zauna shagonmu ya ga abin da filashi ke kwasowa ba.

Wayoyin su ma abin dubawa ne, tunda rabin aikin ofis a WhatsApp ake yinsa yanzu. A Yulin 2015 Joshua Drake na kamfanin Zimperium ya bayyana kafar Stagefright a sashen Android da ke buɗe bidiyo, wadda aka ƙiyasta ta shafi wayoyi kusan miliyan 950, kuma saƙon bidiyo ɗaya ya isa. Bayanta ne Google ya fara fitar da gyaran tsaro wata-wata. Sai dai gyaran ta hannun kamfanin da ya ƙera wayar yake bi, kuma wayoyi masu araha da yawancinmu ke riƙewa sukan daina samunsa da wuri.

Me ke cikin waɗannan na'urori? Jerin albashi da matakin kowa, lambobin asusun banki, lambar NIN, lambar waya, unguwa, sunan magaji, hotunan 'yan mata ɗalibai, sakamakon gwajin marasa lafiya, jadawalin tafiyar jami'ai. A wata jihar, fitar waɗannan asarar kuɗi ce da abin kunya. A jihar da ake ɗauke mutum saboda wani ya tsegunta abin da yake samu da hanyar da yake bi, ba sai na ƙarasa ba. Muna ta maganar masu kai wa 'yan bindiga rahoto, alhali takardar da ta fi kowane ɗan rahoto sani tana zaune a kwamfutar da ba mai kula da ita. Doka ma ta shigo: Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta hau kan hukumomin gwamnati kamar yadda ta hau kan kamfanoni, ta kuma ba da sa'o'i 72 a sanar da hukumar kare bayanai ta ƙasa, NDPC, idan aka yi kutsen da ka iya cutar da masu bayanan. Ofishin da bai san adadin kwamfutocinsa ba, ta yaya zai san an shiga ɗaya?

Ina roƙon kada wani ya ɗauki wannan wasiƙa ya mai da ita hujjar sabuwar kwangilar sayen lasisi mai tsada da sunan an gudu daga kayan kyauta. WinRAR, mai aiki irin na 7-Zip, ta kuɗi ce, rufaffiya, kuma a 2023 an yi watanni ana cutar masu hada-hadar kuɗi ta wata kafa a cikinta kafin a toshe a Agusta. Manhajojin kuɗin ma cike suke da buɗaɗɗun a cikinsu. Kuma buɗewar tana da ranarta: a Maris ɗin 2024 wani injiniya, Andres Freund, ya lura shiga wata na'ura na ɗaukar ƙarin kusan rabin daƙiƙa, ya bi diddigi, ya tono wata ɓoyayyiyar ƙofa da wani mai kiran kansa Jia Tan ya dasa a xz, wata buɗaɗɗiyar manhajar dunƙule fayil, cikin fayilolinta na gwaji, bayan ya shafe kusan shekara biyu yana neman amincewar mutum ɗaya tilo da ke kula da ita. An kama abin kafin ya bazu domin rubutun a fili yake. Mutanen nan, da yawansu ba a biyansu ko sisi, suna yin nasu. Daga inda suka ajiye gyaran zuwa teburin akawu a Anka ne hanyar ta yanke.

Ga abin da muke roƙo.

A ƙirga. Kowace ma'aikata da makaranta ta rubuta kwamfutocinta da manhajojin da ke kai da lambar fitowar kowace, a sa sunan jami'i ɗaya a ƙasa wanda za a tambaya. Hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta jiha, ZITDA, ta tattara, ta fitar da ɗan gajeren jerin manhajojin da aka amince da su da inda za a ɗauko su, domin a daina saukar da VLC daga kowane shafi da ya fara fitowa. Abin da ba a amfani da shi a cire. Ba sai an ɗauko masana daga Abuja ba. Ɗaliban kwamfuta na Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Kaura Namoda, ta Abdu Gusau da ke Talata Mafara da Jami'ar Tarayya ta Gusau suna yawon neman wurin koyon aiki kowace shekara, ga kuma masu yi wa ƙasa hidima da ake bari suna zaman hamma.

A ware rana guda a wata domin sabuntawa, a rubuce, da kuɗin datarta a kasafi. Microsoft kan fitar da nasa gyaran ranar Talata ta biyu a kowane wata, don haka makon da ke biye ya dace. Ƙananan hukumomin da sabis ke wahala a kai musu gyaran a faifai mai tsabta daga Gusau, tare da takardun da ake kai musu dama.

A gyara kwangila. Kada a biya cikon kuɗi sai an miƙa kalmar sirri da jerin duk abin da aka yi amfani da shi wajen gina shafi ko manhaja, har ƙananan da ke ciki, a kuma riƙe wani kaso sai an cika shekarun kulawa da aka rubuta. Shafin da ke karɓar fayil daga jama'a ya taƙaita irin wanda yake karɓa, kuma sashen da ke buɗe su ya zauna a killace, nesa da rumbun bayanai.

Kowane ofis ya sami kwamfuta ɗaya ta karɓar baƙi, wadda duk filashi da fayil ɗin waje zai fara bi ta kanta, ba ta haɗe da ta albashi ko ta rajista. Ma'aikata su riƙa shiga da ƙaramin iko a aikin yau da kullum, domin ko an shigo ta kansu ɓarnar ta tsaya kusa. A riƙa kwafe muhimman bayanai a faifan da ake cirewa a kulle a durowa. Tsofaffin na'urorin da ba za su ɗauki sabuwar Windows ba, da yawansu za su ɗauki Linux, buɗaɗɗiyar madadin Windows, su yi aikin buga wasiƙa lafiya, muddin ita ma za a riƙa sabunta ta.

A cire tsoro daga zuciyar ƙaramin ma'aikaci. A fitar da takarda cewa wanda ya ga kwamfutarsa ta yi wani abu baƙo bayan ya buɗe fayil, ya kuma faɗa a ranar, ba za a tuhume shi ba. Yanzu abin da ake yi shi ne a lallaɓo a kawo mana mu goge komai a ɓoye, shaidar ta tafi, oga bai ji ba. Cibiyar ngCERT da ke ƙarƙashin ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, da hukumar bunƙasa fasahar sadarwa ta ƙasa, NITDA, suna fitar da gargaɗi idan irin waɗannan kafofi sun bayyana. A sa mutum ɗaya yana bibiya, yana juya mai muhimmanci zuwa Hausa a layi biyar: wace manhaja, wace lamba, me za a danna.

A ƙarshe, ku sa mu a ciki. Takardun da ke shigowa ofisoshinku ta shagunanmu suke biyowa, kuma kwamfutar shago ɗaya a Tudun Wada tana ganin filashi a wuni fiye da yadda ta darakta ke gani a wata. Idan za a yi bita, a gayyaci masu kafe, masu buga takardu da masu tura fina-finai, a tura musu wannan gargaɗin na Hausa a zaurukansu na WhatsApp. Mu a ɓangarenmu a shirye muke mu zagaya da ɗaliban a ƙirgar farko, idan aka ba mu takardar izinin shiga da jami'in da zai tsaya a kanmu.

Allah ya ba mu zaman lafiya a Zamfara, ya yi muku jagora.

Wassalam.

Naku,
Wani mai gyaran kwamfuta, a madadin abokan sana'arsa,
Gusau.